Kaushin da Yatsana Bai Ji Ba

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara da jikoki. Yaya ƙafar, ta rage kumburi? Kunnen kam ba sai na tambaya ba, tunda ranar da na buga miki waya har maƙwabta sun ji abin da nake faɗa, ke kaɗai ce ba ki ji ba. Shi ya sa na koma wa takarda. Ki yi haƙuri da girman rubutun, da biron rubuta kwali nake yi, kuma in kin ga layi ya hau kan ɗan'uwansa ba da gangan ba ne. An raba mana abin daidai, ke kunne, ni ido.

Yaya, na rufe keken ɗinki. Na lulluɓe shi da tsohon zanen gado na tura shi jikin bango. Likita ya ce sugan ne ya taɓa jijiyar idon, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a lallaɓa saura. Na daɗe ina ɓoyewa. Ko zare a allura da laluben leɓe nake sa shi, kin san mu masu ɗinki rabin aikinmu a baki yake. Amma ranar da na haɗa wa wata mata hannun riga a baibai, ta dawo da rigar ta ajiye a kan tebur, ta yi mini fatan ƙarin lafiya ta fita, na san an zo wurin. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ɗanki ya zo, babban nawa da kika goya, wanda har gobe ya fi jin maganarki a kan tawa. Ya tsaya a tsakiyar shagon yana ƙare wa komai kallo, risho, da matakalar bakin ƙofa, da wayar dutsen guga. Ya ce in tattara in koma gidansa, an riga an gyara mini ɗaki mai banɗaki a ciki. Ba zan yi masa ƙarya ba, yaron nan yana ƙaunata, matarsa ma ba ta da matsala ko kaɗan. Amma kin san gidan, can ƙarshen gari a saman bene, ƙofa a kulle, taga ba ta kallon kowa. Nan kuwa gaba shago, baya gado. Na san kowace ƙusa a bangon nan, na san inda simintin ya fashe, ina gane mutane da takunsu kafin su yi sallama. A ɗakin nan ban makance ba tukuna. In aka fitar da ni daga cikinsa, ranar zan makance.

Cikin maganarsa ya ce wanda ba shi da sana'a ba shi da dalilin zama shi kaɗai. Sai na riƙe wannan kalmar gam. A ɗakin taron unguwa, bayan asibitin sha-ka-tafi, an buɗe aji duk Asabar ana koyar da wasa wuƙa da hannu a kan dutse, kuma na ji an ce malamin yana cewa aikin na hannu ne, ba na ido ba. Na ce wa ɗanki ya bar ni in gama ajin. In na iya, zan kafa tebur a ƙofar shago ina wasa wa unguwa wuƙaƙe, in zauna a ɗakina. In na kasa, in bi shi ba gardama. Ya amince, da irin muryar da ake amince wa yaro ya ce zai tuƙa jirgi.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaishe mini da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Mai Keke

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma fata kuna lafiya. Na samu amsarki, maƙwabciyata ta karanta mini. Kin ce in bar taurin kai in bi yaro. Na ji, amma ki tuna wa na gado a taurin kan.

Bari in ba ki labarin ajin. Ɗaki ne mai tsawo, da tebura irin na makaranta, kowa da robar ruwa da tsumma da dutsen washi a gabansa. Malam tsohon mai dafa abinci ne a wani otal, gajere, muryarsa ƙasa-ƙasa, in yana magana sai an bar motsi. Kusa da ni akwai wata mai sayar da kifi, bakinta ba ya hutawa, ita ce take gaya mini abin da Malam yake nunawa in ya manta ya ce a duba nan. Sauran ba na rarrabe fuskokinsu, sai dai muryoyi.

Farko ana jiƙa dutsen a ruwa har ya bar fitar da kumfa. A shimfiɗa tsumma a ɗora shi don kada ya zame. A kwantar da wuƙa, a ɗan ɗaga bayanta kaɗan, a ɗora yatsu a kusa da bakin, a tura a dawo, a tura a dawo, hannu bai canja tsayi ba. Wata baƙar laka tana taruwa a kan dutsen, Malam ya ce kada a wanke ta, ita ce take cin ƙarfen. Yaya, wannan duk ban sha wahalarsa ba. Hannun da ya shekara da shekaru yana tura yadi a ƙarƙashin allura bai san karkata ba. Malam ya tsaya a kaina ya saurari ƙarar dutsena, ya ce wa 'yan ajin su yi shiru su ji yadda ake yi. Rabon da a yabi hannuna har na manta. Na dawo gida ranar kamar in yi rawa a titi.

Sai aka zo wurin da aikin yake. Ashe in ka wasa gefe ɗaya har ya kai, wani ɗan kaushi yana tasowa a ɗaya gefen, siriri, ido ba ya ganinsa. Shi ne alamar a juya wuƙa. In babu shi ba ka kai ba, in ya fito ka ci gaba kana cin ƙarfe ne a banza. Ana jin sa da cikin babban yatsa, a shafo daga bayan wuƙa a sauko ta baki, ba a bin tsawon kaifin. Malam ya ce duk sirrin sana'ar ke nan, saura duk motsa hannu ne.

Kowa ya shafa ya ce ya ji. Mai kifi har da ihu. Ni na shafa, na sake shafawa, ban ji komai ba. Na ce ban kai ba ke nan, na ci gaba da turawa. Na yi ta yi har Malam ya zo ya karɓi wuƙar, ya taɓa, ya ce kaushin ya daɗe da fitowa, har na cinye wa wuƙar ciki. Ya kama yatsana ya ɗora a wurin da kansa. Na ce masa na ji. Ƙarya na yi, Yaya. Kamar na shafa bango da safar hannu.

Asabar ɗin da ta biyo ta fi muni. Ina cikin aiki mai kifi ta dafa ni ta ce lakar dutsena ta koma ja. Ashe na yanke yatsa tun ɗazu ina ta turawa a cikin jinina, ban sani ba. Da na koma asibiti likita ya soka mini wani abu a kan yatsun ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko na ji. Ya ce sugan da ya ci idon shi ne ya sauko hannu. Na daɗe ina yar da cokali, ina ƙona hannu a murfin tukunya sai daga baya in ga tabo, na ɗauka tsufa ne.

Na zauna a bakin gado na rasa abin da zan yi wa kuka, idon ko hannun. Na gudu daga sana'ar ido na faɗa ta hannu, ashe ciwon ya riga ni isa can. Wallahi na gaji, Yaya. Jikin nan kamar gidan da ake kwashe wa kaya ɗaki bayan ɗaki ina zaune a ciki.

Don Allah kada ki gaya wa ɗanki maganar yatsan. Na ce masa murfin gwangwani ne.

Taki,
Mai Keke

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata ƙafar da sauƙi. Wannan gajeriya ce, sauri nake in ba ki labari mai daɗi, tunda na daɗe ban aiko miki da irinsa ba.

Na ji kaushin nan! Malam ya ara mini dutse in riƙa gwadawa a gida. Shekaranjiya da hantsi ina zaune a ƙofar shago ina wasa wuƙar kicin ɗina, na shafa da yatsa kamar kullum, shiru. Ban san lokacin da hannuna ya kai ta bakina ba, yadda nake kai zare in zan sa a allura. Na goge ta da tsumma, na ɗora gefenta a leɓena na ƙasa na ja ƙasa a hankali, daga baya zuwa baki yadda aka koya mana. Sai ga shi, ƙaiƙayi-ƙaiƙayi, tun daga gindi har kusa da tsini, sai wani ɗan wuri a tsakiya da bai kai ba. Na koma dutse na gyara wurin, na sake ɗorawa, ya cika. Na juya na yi ɗaya gefen, na koma gefen dutse mai laushi, na goge a tsohon bel na fata. Da na ɗora ta a kan tumatir, kafin in danna ta wuce.

Na zauna ina dariya ni kaɗai da ɗanɗanon ƙarfe a bakina. Leɓen da ya riƙe allurai tun ina budurwa bai taɓa bari ɗaya ta soke ni ba, shi ne ciwon ya manta da shi. Na wasa ta maƙwabciya, na wasa na mai shayin bakin titi, har ya ce in yi hankali kada in sa ya yanke teburinsa.

A aji ba na yi a gaban mutane. Sai in sunkuya kamar zan ɗauki tsumma, in taɓa in ɗago. Mai kifi ta kama ni sau ɗaya, ta ce in na gama sumbatar wuƙar in gaya mata ranar ɗaurin auren, amma ta rufa mini asiri. Malam ina jin ya sani. Ya dai tsaya kusa da ni ya ce wa iska kowane mai sana'a da inda yake ji, amma a kula da mutanen da suke kallo.

Asabar mai zuwa ta sama ce ranar ƙarshe. An ce kowa ya gayyato iyalinsa, a ba shi dakusasshiyar wuƙa ya wasa a gabansu, Malam ya gwada ta a takardar jarida. Ɗanki ya ce zai zo. Na yanke shawara ranar ba zan kai ta baki ba, da kunne zan yi, don na lura in kaushin ya kusa fitowa ƙarar dutsen tana ɗan laushi. Har na sa kafinta ya duba mini tsohon teburin yankan yadi, ya ce in an rage masa ƙafa zai yi daidai da ƙofar shago.

Ki taya ni addu'a, saura ƙiris.

Ƙanwarki mai taurin kai,
Mai Keke

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Na san ɗanki ya riga ya aiko miki da nasa labarin, to ga nawa, ki haɗa ki auna. Rubutu ma ya fi mini sauƙi yanzu, magana tana ja mini ɗinkin da ke leɓena.

Ɗakin ya cika ranar. Yara suna guje-guje, ana jan kujeru, wani ya kunna fanka mai ƙara kamar injin niƙa. Aka ba ni wata doguwar wuƙa, dakusasshiya ƙwarai, ko igiya ba za ta yanka ba. Ɗanki da matarsa suna zaune a gaba, ina ganin farar rigarsa dishi-dishi. Na jiƙa dutse, na kwantar da wuƙa, na fara turawa yadda na saba. Amma kunnen da na dogara da shi bai ji komai ba a cikin hayaniyar nan. Na tura, na tura, na kasa sanin ko na kai ko na wuce. Na shafa da yatsa don mutane su gani, yatsan kuwa kin san labarinsa. Na ji waɗanda suke gefena sun juya wuƙaƙensu, ni ina nan a gefe ɗaya. Zufa ta karyo mini.

Ban yanke shawarar yi ba, Yaya, na rantse miki. Hannun ne ya tafi inda ya saba. Na gama gefen farko da leɓe ba wanda ya lura, ko kuma sun ɗauka gumi nake sharewa. Na yi na biyu, na gyara a gefe mai laushi, na goge a fata. Sai na ɗaga ta in tabbatar kaushin ya fita gaba ɗaya, ita ce taɓawar ƙarshe. A daidai nan ɗanki ya gani. Ya ƙwala mini kira da wata irin murya da ban taɓa jin ta a bakinsa ba, ya taso har kujera ta faɗi. Na firgita na juyo wajen muryar, wuƙar tana kan leɓena.

Wannan yankan kam na ji shi sarai. Jini ya wanke mini gaban riga. Mata suna salati, mai kifi tana danna mini tsumma tana yi wa ɗanki faɗa cewa shi ya jawo. Ya kama hannuwana yana juya su, sai ga tabon yatsan da na ce gwangwani ne, ga tabban ƙuna. Ya matsa mini kan yatsa da farcensa ya tambaye ni ko na ji. Na kau da kaina. Sai na ji ɗigon hawayensa a bayan hannuna, can wajen wuyan hannu inda har yanzu nake ji.

Ya rungumo ni muka nufi ƙofa. Muna bakin fita na ji Malam daga bayanmu ya ce a yi shiru. Ya goge wuƙata ya ɗaga takardar jarida. Ban gani ba, amma na ji, tun daga sama har ƙasa, sumul, ba ta sarƙe ko sau ɗaya ba. Ya ce a duk ajin babu wadda ta kai ta. Na ja na tsaya na ce wa ɗanki ya saurara, na ci jarrabawar. Ya ce mini eh Mama, ya ji, mu je asibiti. Bai ji ba, Yaya. Ke da ba ki da kunne da kina wurin da kin fi shi ji.

An yi mini ɗinki, kuma ko ba na gani na san ɗinkin bai yi kyau ba, yana tattarewa a gefe. Likita ya ce ciwon mai suga ba ya saurin warkewa, kuma wurin zai iya mutuwa ko da ya warke. Da na tuna wa ɗanki alkawarinmu, ya durƙusa a gabana ya ce in yafe masa, in kira shi maƙaryaci, in yi fushi da shi har ƙarshen rayuwarsa, amma ba zai iya kwana a gidansa yana tunanin uwarsa tana can da wuƙa a baki ba. Me zan ce masa? Da mugu ne da na yi faɗa da shi na ji sanyi. Ba ni da wanda zan yi fushi da shi.

Jibi mota za ta zo. Keken na bar wa maƙwabciya. Kafinta ya kawo teburin jiya, ya rage ƙafar daidai yadda na ce.

Taki,
Mai Keke

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidan da yara. Ki yafe mini daɗewar da na yi ban rubuto ba, babu labari ne. In kin tambayi lafiya, ana kula da ni fiye da kima. Ana ba ni magani a kan lokaci, ana kawo mini abinci a yayyanke kamar na mai koyon ci. Surukata tana kirana Mama da muryar da ake yi wa marar lafiya. Yarinyar kirki ce, Allah ya yi mata albarka.

Leɓen ya warke. An cire zaren. Na gwada shi da bakin kofi, na gwada da zaren bargo, ta tsakiya inda nake ji da shi babu komai yanzu, kamar yatsun. Ban gaya wa kowa ba, ba wanda zai gane abin da aka rasa.

Ɗakin yana da kyau, an ce fentinsa ruwan madara ne. Har yanzu ina karo da gefen gado. Ba na jin takun kowa sai na mutanen bene na sama, su kuma ban san su ba. Da rana in sun fita aiki nakan zauna in lissafa shagona a kai, daga ƙofa zuwa ƙusar da nake rataye almakashi, kuma na fara mantawa ko tagar tana dama da keken ko hagu.

Malam ya aiko mai kifi ta kawo mini dutsen da nake aiki da shi a aji, ya ce nawa ne, na ci shi da hannuna. Ɗanki ya karɓa ya yi godiya sosai, ya ce zai adana mini. Wuƙaƙen gidan kuwa suna cikin wata durowa mai makulli tun ranar da na zo, ana tsammanin ban ji ƙarar makullin ba.

Kullum da yamma ina jin surukata a kicin tana fama da albasa. Wuƙar tata ta mutu murus, tana goga ta gaba da baya kamar mai zarto, ina jin yadda take murƙushe albasar tana zamewa a kan katako. Wannan ita ce wuƙar da take yanke mutum, Malam ya sha faɗa mana. Jiya na kasa daurewa, na lalubo bango na nufi kicin ɗin in ce ta kawo in gyara mata, ko da ita za ta riƙa taɓa mini kaushin da yatsanta. A bakin ƙofar ƙafata ta yi tuntuɓe da wani abu mai nauyi. Na sunkuya na ɗauka, na kai shi kumatuna, gefe ɗaya kaushi, gefe ɗaya laushi, dutsena ne. Ta taso da sauri ta karɓe, ta ce in yi haƙuri, iska ce take yawan bugo ƙofar, shi ne suka tokare ta da shi, ta ce kuma ya yi daidai kamar don ita aka yi shi. Ta mayar da shi wurinsa, ta riƙo hannuna ta rako ni ɗaki ta zaunar da ni a bakin gado.

Ba sai kin aiko da amsa ba, Yaya. Nan duk takardar da ta zo ɗanki ne yake karanta mini, kuma ba na son ya ji kina ba ni haƙuri. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki